Ƙamusoshin Jami'ar Chicago na intanet, da gwajin da na yi musu da kalmar "aurat"

Abin da ya kai ni ga wannan rumbun ƙamusoshi wani ɗan al'amari ne da ya faru a Madina, lokacin da na raka gwaggona Umara. Mun fito daga masauki bayan la'asar, muka shiga wani gidan abinci na mutanen Pakistan da ke cike maƙil, sai wani ma'aikaci mai fara'a ya tare mu a bakin ƙofa, ya nuna mini hagu, sannan ya dubi gwaggo ya nuna wani ɓangare da aka kewaye da labule yana maimaita cewa, "Aurat, aurat." Gwaggo, wadda ta sauke Ahalari da Ishmawi tun kafin a haife ni, ta tsaya cak, ta kama gefen hijabinta tana dubawa, ta sunkuya ta kalli ƙafafunta ko safa ce ta zame, sannan ta juyo gare ni fuska a ɗaure ta ce, "Kai ɗan nan, duba mini da kyau, ina ne ya buɗe?" Na ce, "Gwaggo, babu inda ya buɗe, wurin zaman mata yake nuna miki." Ta ce, "To in wurin mata yake nufi, me ya kawo maganar al'aura?" Ban iya ba ta amsa ba, domin iyakar sanina shi ne a finafinan Indiya haka ake kiran mace, kuma ban taɓa haɗa kalmar da tamu ba sai da ta haɗa su a gabana.

Sunan wurin da na je neman amsa Digital Dictionaries of South Asia, kuma yana ƙarƙashin kulawar Jami'ar Chicago ta Amurka. Abin da suka yi shi ne ɗauko tsofaffin ƙamusoshin harsunan kudancin Asiya da aka buga a takarda, na Urdu da Hindi da Farisanci da Fashto da Bengali da Tamil da sauransu, suka sake shigar da rubutunsu cikin kwamfuta yadda za a iya binciko kowace kalma, maimakon a ɗauki hoton shafuka kawai a jibge. Ba a biyan ko sisi, ba a neman mutum ya yi rajista, kuma babu tallace-tallacen da ke faɗo wa mai karatu a fuska. Shafin fari ne da baƙin rubutu, babu kwalliya, wanda ya saba da shafukan zamani zai ji kamar ya shiga tsohon ofishin En'e, amma wannan rashin ado shi ya sa yake buɗewa ko a inda sabis ke da rauni, kuma ba ya cin data.

Biyu daga cikin ƙamusoshin ne suka shafi tambayar gwaggo. Na farko na John Thompson Platts ne, Baturen da aka haifa a Kalkata a 1830, ya yi aikin duba makarantu a Indiya, daga baya ya koyar da Farisanci a Jami'ar Oxford. Ƙamusunsa na Urdu da tsohuwar Hindi zuwa Ingilishi ya fito a Landan a 1884, kuma ya haura shafi 1,200. Na biyu na Francis Joseph Steingass ne, Bajamushe haifaffen Frankfurt, wanda ya fitar da ƙamusun Farisanci zuwa Ingilishi a 1892, mai shafi sama da 1,500. Matsayinsu a wurin masu nazarin harsunan nan ya yi kama da matsayin ƙamusun Bargery na 1934 a wurinmu: kowa ya san ya tsufa, kowa yana da ƙorafi a kansa, amma duk wanda gardama ta yi wa zafi a kan wata tsohuwar kalma can yake komawa. Akwai na uku da zan ambata a gaba, na Sulaiman Hayyim mutumin Tehran, shi ma na Farisanci zuwa Ingilishi, wanda aka buga tsakanin 1934 da 1936.

Bincike a wurin ba shi da wuya. Akan zaɓi ƙamus, a rubuta kalma a gurbin da aka tanada, ko da boko ko da baƙaƙen Larabci, sannan a zaɓi ko ana son ta daidai yadda aka rubuta, ko kalmomin da suka fara da ita, ko waɗanda suka ƙare da ita. Sakamakon yakan zo da lambar shafin littafin asali, idan aka latsa lambar sai shafin ya buɗe gaba ɗaya, mutum ya ga maƙwabtan kalmarsa na sama da na ƙasa kamar littafin ne a hannunsa. Ina ganin darajar wannan, saboda rabin amfanin ƙamus na takarda yana cikin abin da ido ke tsinta a hanya ba da niyya ba. Ga wanda ya yi makarantar allo, shawarata ita ce ya rubuta عورت kai tsaye da ajami, domin Turawan nan kowa da irin ɗigo da ƙugiyar da yake liƙa wa baƙaƙen boko don ya nuna ainun da sodi, ajamin kuwa ya fi raba gardama.

Da na rubuta kalmar a ƙamusun Platts, tun kafin in kai ga ma'ana wani baƙi guda ɗaya da ke tsaye a gabanta ya tsayar da ni. Platts yana da al'adar sa wa kowace kalma alamar harshen da Urdu ya karɓo ta daga gare shi: A ga Larabci, P ga Farisanci, S ga Sanskrit, T ga Turkanci, H ga kalmomin gida. Ni da na zo da tabbacin cewa kalmar Larabci ce, na sa ran ganin A, sai na tarar da P, sannan a cikin bayani ya nuna cewa tana tsaye ne a madadin عورة ta Larabci. Ma'anonin kuwa ya fara da ta asali, wato sashen jiki da ake jin kunyar bayyanawa, kana ya zo ga mace, kana matar aure. A cikin 'yan layuka mutumin ya shata hanyar da kalmar ta bi: ta fito daga Larabawa, ta yada zango a wurin Farisawa, a can ta sauya tufa, daga nan ta gangara Indiya. Wannan baƙin P kaɗai ya biya ni kuɗin datar da na kashe.

Tufar da ta sauya a ƙarshenta take. Baƙin da 'yan makarantar allo ke kira "ta kuri", Larabawa ba sa furta shi da sautin "ta" idan suka tsaya a kansa, shi ya sa muke cewa sura da niyya da hukuma. Farisawa kuwa, a kalmomi masu yawa da suka ara, sun warware ƙullin suka mayar da shi buɗaɗɗiyar "ta", suna rubuta ta suna furta ta, kuma a haka Urdu da Turkanci suka gada. Mu Hausawa wata hanya muka bi: muka yar da "ta" ɗin ƙarshe, sau da yawa kuma muka haɗiye "al" ɗin farko ta zama jikin kalma. Wanda ya bi shafukan Platts a hankali zai ga 'yan uwan kalmominmu sun yi layi sanye da kayan wata ƙasa: al'adarmu ita ce "adat" ɗinsu, al'umma "ummat", albarka "barkat", aljanna "jannat", hukuma "hukumat", daula "daulat". A wannan layi al'aura da "aurat" suke, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kunnen gwaggo bai yaudare ta ba ko kaɗan.

Ƙamusun bai tsaya bayanin abin da ya sa Farisanci ya zama gada tsakanin Larabci da Indiya ba, amma tarihin sananne ne. Bayan yaƙin Ƙadisiyya da na Nahawand a zamanin Sayyidina Umar ƙasar Farisa ta shiga hannun Musulmi, kuma da harshen ya sake ɗagowa a rubuce a fadar Samaniyawa ta Bukhara a ƙarni na 9 da na 10, ya ɗago ne da baƙaƙen Larabci da ɗimbin kalmomin Larabci a cikinsa. Sarakunan da suka mulki arewacin Indiya, daga na Delhi tun 1206 zuwa daular Mughal da Babur ya kafa a 1526, akasarinsu jinin Turkawa ne ko Afganawa, amma harshen fadarsu da kotunsu da waƙarsu Farisanci ne, haka kuma aka ci gaba har 1837, lokacin da Turawan kamfanin East India suka sauke shi daga matsayin harshen kotu da haraji. A cikin wannan tukunya ta fiye da shekara 600 harshen mutanen Delhi da kewaye ya dahu ya zama Urdu, saboda haka yawancin Larabcin da ke bakin mai Urdu daga bakin mai Farisanci ya ji shi, da lafazinsa da ma'anar da ya ba shi.

Inda rumbun ya fara gazawa, kuma ba laifinsa ba ne tunda Larabci ba harshen kudancin Asiya ba ne, shi ne babu ƙamusun Larabci zalla a cikinsa. Mai son tushen sai ya jawo Lisanul Arab na Ibn Manzur ya ajiye a gefe. Tushen baƙaƙe uku ne, ainun da wawun da ra, kuma ma'anar da ke yawo a cikinsa ita ce aibi ko ɓaraka. Daga nan "a'awar" ya fito, mai ido ɗaya, siffar da hadisai suka ba Dujal. "Aura" kuwa kafa ce da abokin gaba zai iya shigowa ta cikinta, kamar gurbin da ya rushe a ganuwa ko bakin iyakar da ba mai gadi. Da wannan ma'ana ta zo a Suratul Ahzab, aya ta 13, inda wasu mutanen Madina a lokacin yaƙin Handaƙ suka nemi izinin komawa suna cewa gidajensu "aura" ne, wato a buɗe suke babu kariya, Allah kuma ya ƙaryata su. A Suratun Nur, aya ta 58, ta zo a kan lokuta uku da bayi da yaran da ba su balaga ba za su nemi izini kafin su shiga: gabanin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. A aya ta 31 ta surar kuma ta zo a kan al'aurar mata da ƙananan yara ba su kai ga saninta ba. A duk wuraren nan uku babu inda take nufin mace, domin mace a Larabci "imra'a" ce, mata kuma "nisa'u", jiya da yau.

Matakin da ya kusanto da kalmar ga mace yana cikin littattafan da ke kan buzun kowane malamin zaure a ƙasar Hausa. Ahalari, a wajen sharuɗɗan salla, ya ce al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa take, mace kuwa dukkanta al'aura ce in ban da fuska da tafukan hannu. Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Ibn Mas'ud wanda ya fara da "al-mar'atu aura", wato mace al'aura ce, kuma Ibnul Asir, da yake fassara baƙin kalmomin hadisi, ya ce an kira ita kanta macen da wannan suna ne domin idan ta bayyana akan ji kunya kamar yadda ake ji idan al'aura ta bayyana. A Larabci wannan jumla ce, mubtada'i (wanda ake magana a kansa) da habari (abin da aka faɗa game da shi), ana ba da labarin mace da wata siffa. Abin da ya faru a Farisanci shi ne habarin ya tashi ya zauna a kujerar mubtada'in, siffar ta zama suna, har aka wayi gari ana ƙirga ta ana cewa "aurat" biyu sun zo. Mu ma mun yi ɗaruruwan shekaru muna karanta wannan jumla, kullum malamai suna fassara ta ga ɗalibai, amma kalmar ba ta taɓa tsallake wannan mataki a Hausa ba; ta tsaya a babin salla da wa'azin sutura, kuma har gobe babu Bahaushen da zai ce ya ga al'aura biyu a bakin rijiya yana nufin mata.

Platts da Steingass ba su faɗi abin da ya sa ta tsallake a can ba, amma rumbun yana da wata dama da littafin takarda ba shi da ita, wadda ke taimaka wa mutum ya yi hasashe mai tushe. Ana iya sa shi ya binciki cikin bayanan gaba ɗaya maimakon kawunan kalmomi kaɗai, ta yadda idan aka rubuta kalmar Ingilishi mai nufin mace ko matar aure zai kwaso duk kalmar Urdu ko Farisanci da aka fassara da ita. Jerin yana da tsawo, yana buƙatar haƙuri, sai dai wanda ya bi shi zai ga wata ɗabi'a tana maimaita kanta a harsunan nan. "Masturat", daga tushen da ya ba mu sutura, na nufin mata, wato waɗanda aka suturta. "Za'ifa", mai rauni, ta daɗe tana nufin mace a bakin mazan Iran na da, a Urdu kuma ta koma tsohuwa. "Manzil", wato gida, dattawan Iran sun yi amfani da ita a kan matar mutum, kamar yadda mutumin Indiya ke cewa "gharwali", ta gida. "Ayal" kuwa, wadda ita ce iyalinmu, har yanzu matar aure take nufi a bakin wasu Iraniyawa. A nan Bahaushe ba ya buƙatar tafinta, domin shi ma idan ya ce iyalina ba ta jin daɗi, ko mai ɗakina ta yi tafiya, kowa ya san mutum ɗaya yake nufi, kuma kunya ce ta hana shi cewa matata a gaban manya.

A ganina "aurat" daga wannan gida ta fito. Al'ummar da ke ganin ambaton matar wani kai tsaye rashin ladabi ne takan nemi kalmar da za ta kewaya da ita, kuma kalmar Larabci mai ƙamshin littafi ta fi "zan", kalmar Farisanci ta gida, nauyi da lulluɓi a kunnen mutanen wancan zamani. Akwai rafi na biyu da nake jin ya ƙara wa na farko ruwa. Marubutan tarihi na Farisanci, idan suna ba da labarin garin da aka ci da yaƙi, sukan ambaci "auraat" da "atfal", mata da yara, a matsayin waɗanda aka kwashe ko aka ɓoye, kuma a irin wannan wuri ma'anar Suratul Ahzab ce take aiki, ta abin da ba shi da kariya wanda wajibi ne a tsare. Idan aka daɗe ana amfani da kalmar sakaya lulluɓin yakan zame, jikoki su ɗauke ta a matsayin sunan abin kai tsaye. Steingass da kansa yana da misali a harshen uwarsa, inda "Frauenzimmer", ɗakin mata, ta koma nufin mace, daga baya ma ta zama kalmar raini.

Da gangan na ce a ganina, domin a nan ne babban giɓin ƙamusoshin nan yake. Ba su ba da shekara ba, ba su kawo baitin waƙa ko layin littafi da zai nuna wane marubuci ne ya fara kiran mace haka, a wane gari, a wane ƙarni. Wanda yake son hujjar rubutu sai ya tafi ga Lugatnama na Ali Akbar Dehkhoda, babban ƙamusun Farisanci da ke kafa hujja da baitocin mawaƙa da maganganun marubuta, ko ga Urdu Lugat na hukumar ƙamus ta Karachi, mai juzu'i 22, wanda aka fara aikinsa a 1958 aka kammala a 2010, kuma aka tsara shi a kan tarihin kowace kalma. Matsalar ita ce na farko da Farisanci yake bayani, na biyu da Urdu, don haka wanda bai riga ya iya harshen ba ƙofar a rufe take gare shi, dole ya dawo wurin Platts ko yana so ko ba ya so.

Steingass yana da nasa aibin da ya kamata mai amfani da shi ya sani. Ya kwashi kalmomin Larabci masu ɗimbin yawa ya zuba, har da waɗanda da wuya a same su a rubutun wani Bafarishe, kuma yana baza ma'anoni kamar kayan da aka shanya a tabarma, tsoho kusa da sabo, mai karatu ba zai gane wacce ce ke raye a titi wacce ce ta littafi ba. Lafazin da yake bayarwa ma na da ne, irin wanda Indiya da Afganistan suka riƙe. Mutumin Tehran na yau "ourat" yake cewa, kuma idan ya faɗa abin da gwaggo ta fahimta yake nufi, mace kuwa "zan" ce, ko "khanom" idan ana girmamawa. Wato harshen da ya yi wa kalmar sabuwar ma'ana ya sake ta, ya bar ta a hannun waɗanda ya koya wa. A Turkiyya ma "avrat" ta daɗe tana nufin mace, har akwai wata tsohuwar kasuwa a Istanbul da ake kira Avrat Pazarı, kasuwar mata, amma yau kalmar ta zama ta ƙauye ko ta zagi. Ga mai binciken Urdu wannan tsufa na Steingass riba ce, saboda Farisancin da ya adana shi ne wanda Indiya ta ji; ga mai karanta rubutun Iran na ƙarni na 20 kuwa tarko ne, gara ya riƙe Hayyim.

Haka nan kada a nemi rayuwar kalmar ta yau a littafin 1884. A Pakistan da arewacin Indiya "aurat" ita ce kalmar yau da kullum, tana ɗaukar jam'i irin na gida, "auraten", kuma mai Hindi da ke rubuta ta da baƙaƙen Devanagari ba ya furta ainun, galibi ma bai san akwai shi ba. Mehboob Khan ya sa wa fim ɗinsa na 1940 suna Aurat, labarin uwa mai juriya, wanda ya sake yi a 1957 da sunan Mother India, fim ɗin da iyayenmu suka sha kallo a gidajen silima, kuma babu wanda ya ji sunan farkon a matsayin batsa. Tattakin da mata ke yi ranar 8 ga Maris, wanda aka fara a Karachi a 2018, Aurat March ake kiransa. Duk da haka kalmar ba ta kai "khatun", kalmar girmamawa ga mace mai jam'i "khawatin", daraja ba: a allunan hukuma da labaran rediyo "khawatin" ake amfani da ita a Pakistan, "mahila" a Indiya, kuma lokaci zuwa lokaci akan sami marubuta da ke cewa a daina faɗin "aurat" ɗungurungum saboda asalinta. Na fahimci abin da ke damunsu, tunda tarihin kalmar ya nuna yadda aka ɗauki mace a zamanin da ma'anar ta samu, amma ban yarda cewa asali ne ke mulkin ma'ana ba. Fitila a Larabci lagwani ce kawai, almajiri kuma mai hijira ne, kuma ba wanda ya isa ya hana Bahaushe abin da yake nufi da su yau da hujjar abin da suke nufi a Bagadaza.

Irin wannan rumbu yana sa mutum zumuɗin ganin dangantaka a ko'ina, don haka ya wajaba a faɗa cewa aure ba shi da alaƙa da "aurat". Na ji wani yana rantsuwa a kan haka a wani zama, wai ai shi ya sa ake cewa aure, tunda mace ake ɗaukowa. Kalmar aure ta gida ce, kuma karin harshen yamma ya adana tsohuwar siffarta, inda ake cewa amre ko arme, ga amarya a gefe tana shaida cewa mim ne a wurin tun asali. Kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Sauran ƙorafina kaɗan ne. A Platts da Steingass komai da Ingilishi yake, Ingilishin zamanin Sarauniya Victoria, cike da gajerun alamomin nahawu da sai an koma gabatarwar littafin kafin a warware su, don haka ɗalibin Islamiyya da ya fi kowa cancantar morar wannan taska, wanda ya san tushen kalmomin Larabci tun yana yaro, shi zai fi shan wuya idan bokonsa bai yi nisa ba. Abin dariya, masu ƙamus na wancan zamani su ma kunya takan kama su idan suka iso irin wannan kalma, sai su ɓuya a bayan Latin su rubuta "pudendum", wadda ita ma fassararta abin da ake jin kunyarsa. A ƙamusoshin nan biyu babu kalmomin zamanin kwamfuta da jirgin sama, saboda haka ɗan kasuwar da ke zuwa Lahore sayen kaya ko mai jinyar da ke zuwa Delhi ba nan ne wurinsa ba. Malami da ɗalibin jami'a mai nazarin kalmomin aro su ne za su ci moriyarsa, kuma su nake ba shawarar sauke manhajojin waya na Platts da na Steingass, waɗanda ke aiki ko babu intanet bayan an sauke su.

Abu ɗaya da rumbun ba zai nuna ba, tunda iyakarsa kudancin Asiya, shi ne kalmar ta ci gaba da tafiya gabas ba tare da ta sauya ma'ana ba. A Malesiya da Indunusiya ana rubuta ta "aurat", da "ta" a ƙarshe kamar ta Urdu, amma abin da Ahalari ya nufa shi take nufi; "menutup aurat" shi ne suturce al'aura, mace kuwa "perempuan" ce ko "wanita". Da na kai wa gwaggo wannan bayani bayan mun dawo, ta saurara har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta tambaye ni ko mutumin nan na gidan abinci ya san duk wannan, na ce da wuya. Ta ce to shi ke nan, ba shi da laifi. Na ƙara mata da cewa Madina cike take da alhazan Indunusiya, idan wata rana ɗaya daga cikin matansu ta taɓa ta ta ce "aurat", wannan karon ta duba hijabin.